Ƙanƙarar da ke Narkewa Nesa da Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya bayan La'asar a Tudun Wada na ji wani bawan Allah yana cewa: "Teku ta cika ta batse, ina ruwanmu? Ai mu a tudu muke." Gaskiyarsa, Kaduna ta ɗara bakin teku da kusan mita 600. Amma maganar ta tsaya mini a rai.

Can a Greenland da Antaktika, yankuna masu tsananin sanyi a ƙuryar arewa da kudancin duniya, Allah Ya jibge ƙanƙara a doron ƙasa, kaurinta a wasu wurare ya haura kilomita 3. Ƙanƙarar da muke jefawa a kofin zoɓo lokacin buɗa-baki, in ta narke kofin ba ya malala, don dama a ciki take. Wadda ke zaune a tudu ita ce abin tsoro, domin duk ɗigon da ya gangaro ƙari ne a kan teku. Ga shi ruwa in ya ɗumama kumbura yake yi. Daga 1901 zuwa 2018 teku ta ƙaru da kusan santimita 20. Masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a rahotonsu na 2021, kafin 2100 ƙarin zai kama daga santimita 28 har kusan mita guda, gwargwadon hayaƙin da mutane suka ci gaba da turawa sama, wanda ke ɗumama duniya har ƙanƙarar ta narke.

Kada ka raina kamu guda na ruwa, ɗan uwa. A Ayetoro ta jihar Ondo teku ta riga ta lashe gidaje da makarantu. Legas ma a bakin ruwa take, kuma wane ne a cikinmu ba shi da ɗan uwa mai neman halak a can?

Allah Ya faɗa a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Na san hayaƙinmu bai kai ko kusa da na Amurka da Sin ba. Sai dai a kabari ba za a tambaye ka amanar Amurka ba. Buhunan gawayin da ke jere a hanyar Abuja, itatuwan wa aka sare? Tayoyin da ake ƙonawa a unguwanninmu fa?

Manzon Allah (SAW) ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Ni dai na haƙa ramuka biyu a ƙofar gida, ina jiran ruwan farko. Mai dashen mangwaro ko darbejiya ya taimaka mini da biyu.