Wasali ɗaya ne ya kayar da ni

Har gobe ina cewa laifin sakatare ne. Ya turo saƙo a WhatsApp cewa ranar Asabar majalisarmu ta masu karatun tarihin yaƙe-yaƙe za ta tattauna littafi kan yaƙin Burmi. Ko bangon littafin ban gani ba, sai na ɗauka yatsa ne ya zame masa, Burma yake nufi. Har gyara na tura masa ta gefe. Bai ce uffan ba.

Kwana uku ina hadda. Bayan La'asar shugaba ya ce wa zai buɗe mana, na ɗaga hannu tun bai rufe baki ba. Na miƙe, na gyara zaman hula, na kwashi jama'a sai kwarin Kaladan na Burma a 1944: Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, ƙungurmin daji, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga sojojin Japan a ɓoye. Na ce mai musu ya je Zariya ya ga barikin Chindit, mai sunan wasu dakarun da suka yi yaƙi a Burma. Wuri ya yi tsit, na ce lallai ilimi ya ratsa su. Baba Saje ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, na ce Allah sarki, tsoho ya tuna maza. Sai na ƙara murya.

Da na tsaya shan iska, shugaba ya ce, "Malam, Allah ya ƙara sani. To su Japanawan nan, ta wace hanya suka biyo har Bajoga?"

Ashe Burmi ce ta ƙasar Gombe, kusa da garin Bajoga, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ranar 27 ga Yuli, 1903, yana kan hijira zuwa gabas bayan faɗuwar Sakkwato. Shekara 41 na tsallake, har da teku.

Dariyar 'yan majalisa ban damu da ita ba. Mai shayin nan ne ya ƙona min rai. Ba ɗan majalisa ba ne, bai taɓa biyan kuɗin wata ba, benci kawai yake ara mana, amma shi ne ya yi dariya har ya ɓarar da madara. Mutumin da canjina na naira 200 ke hannunsa tun azumi! Yanzu ko Indomie na je saya, sai ya ƙame ya sara min: "Janar, yaya Japan?" Yaransa ma sun ɗauka.

Wata mai zuwa an ce yaƙin Satiru za a yi. Na tambayi sakatare sau uku yadda ake rubuta shi.