Ku kwance wa kazar nan baki

Wani ya ɗora hoton kazarsa a intanet, an ɗaure mata baki da roba don ta daina ihu. Wanda ya ɗaure wa kazar nan baki ya yi zalunci, kuma waɗanda suka taru ƙarƙashin hoton suna cewa "dabara ta yi" sun taya shi aikata shi.  Wai maƙwabta sun yi ƙorafi cewa tana hana su barcin safe, shi ne ya ga babu mafita sai a naɗe mata baki, har wani ya ƙara da cewa a sa mata abin shaƙe wuya irin wanda wasu ke sa wa zakara don ya rage cara. Haba jama'a! Abu mai rai, ka toshe masa hanyar da yake shan iska da ita, sannan ka ɗauki hoto kana jiran yabo?

Kaza ba ta yin gumi. Zafin jikinta yana kai digiri 41 a ma'aunin Celsius, kuma idan rana ta take, hanyar da take fitar da zafin nan ita ce ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Ka ɗaure bakin, ka hana ta haki, ka hana ta ci, ka hana ta sha. Abin takaicin ma shi ne muryar kaza ba a baki take ba. Can ƙasan maƙogwaro take, daidai inda bututun iska ya rabu biyu zai shiga huhu. Saboda haka robar ba ta taɓa tushen ƙarar ba, wahala kawai ta ƙara. Abin wuyan kuwa yana matse bututun iska da hanyar da abinci ke bi zuwa jakar da ke gindin wuyanta, kuma abincin da ya tsaya a wurin zai iya kashe ta kana ɗaki kana barci.

Ruwa ba ya tsami banza. Kaza ba ta ihu don ta ɓata wa kowa rai, akwai abin da take faɗa, kuma sai ka gano shi za ka samu shirun da kake nema. Wannan ita ce maganata daga farko har ƙarshe. Ka ba kanka kwana uku kacal. Duk lokacin da ta fara, ka duba agogo ka rubuta, ka lura da inda take tsaye da abin da sauran kajin ke yi. Takardar nan za ta gaya maka abin da mutum ɗari masu sharhi ba su gaya maka ba.

Ga misali. Ƙwai yana ɗaukar kimanin awa 25 kafin ya gama haɗuwa a cikin kaza. Shi ya sa wadda ta saka ƙwai yau da ƙarfe bakwai, gobe sai ta ɗan ƙara latti, jibi ta ƙara, har ranar da za ta tsallake ta sake farawa da sassafe. Idan ka ga lokacin hayaniyar yana matsawa gaba haka kullum, to maganar ƙwai ce, ka daina neman wani dalili. Kuma ƙarar ƙwai iri biyu ce, mutane na cakuɗa su. Akwai doguwar ƙyarƙyara mai jan sauti kamar ƙorafi, wadda take yi awa ɗaya ko biyu kafin ta saka, tana kai da komowa, ta leƙa nan ta leƙa can, ta shiga akurki ta fito. Wannan kukan rashin wurin saka ƙwai ne, kuma shi ne yake daɗewa har ya ishi unguwa. Laifin mai kaza ne ɗari bisa ɗari.

Gyaransa ba shi da wuya. Akwati ɗaya ga kaji huɗu, faɗi santimita 30, tsawo 30, zurfi 30. A ɗaga shi daga ƙasa kamar santimita 40, amma ya kasance ƙasa da sandar da suke hawa su kwana, in ba haka ba za su mayar da shi wurin barci su cika shi da kashi. A zuba dusar katako ko busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsu huɗu, a kafa ɗan katako a bakin akwatin don kada shimfiɗar ta zube. Sai abin da kowa ke mantawa: duhu. Kaza na son ta ɓuya idan za ta saka ƙwai. Ka juya bakin akwatin ya bar fuskantar ƙofa, ka rataya tsumma mai kauri da aka tsaga gida biyu ya rufe kashi biyu cikin uku na bakin. Za ka ga kaji huɗu sun yi layi kan akwati ɗaya alhali ga wani nan babu kowa, wadda ke waje ta miƙe wuya tana zabga ihu a kan wadda ke ciki. Dalili shi ne kaza tana yarda da inda ta ga ƙwai. Sa ƙwan roba ko na katako a kowane akwati, layin zai watse. In kuma akwai mai kwanci da ta mamaye akwatin dare da rana tana gurnani tana kumbura gashi, to ita ce ta tare hanya. Ko ka ware ta da ƙwanta ta yi kwana 21 ɗinta a wani wuri, ko ka sa ta a keji mai ƙasan waya, da ruwa da abinci, babu shimfiɗa, kwana uku zuwa biyar har kwancin ya sake ta.

Ƙarar ƙwai ta biyun ita ce ƙyarƙyarar da take yi bayan ta saka ƙwai ta fito, wadda wani lokaci sauran ke amsa mata. Wannan kam halitta ce. Mintuna kaɗan ne ta wuce, kuma babu abinci ko magani da zai cire ta. Duk wanda ya ce maka yana da maganinta, kuɗinka yake so. Abin da za ka iya shi ne ka rage yawan ƙarar da ke isa kunnen maƙwabci, zan zo kan wannan.

Na san masu cewa "ai kaza ce kawai, duk wannan dogon bayani na mene ne?" To in kaza ce kawai, me ya hana ka rabu da ita? Ka ajiye ta don kana son ƙwanta, amma akwatin katako na santimita 30 ya gagare ka? Masu cewa ba su da wuri kuwa, amsarsu gajeriya ce: kowace kaza na bukatar kusan murabba'in mita ɗaya a filin da take yini, da kamar kashi ɗaya cikin uku na hakan a cikin akurki, da santimita 25 a kan sandar kwana. In filinka na kaji uku ne, ka ajiye uku. Ka cusa takwas, za su yi ta saran juna, ta ƙasa tana kuka yini guda, kai kuma ka zo kana neman roba.

Ihun asuba shi ya fi haɗa faɗa da maƙwabta, kuma shi ma da dalilinsa. Haske ne ke tayar da kaza. A cikin gari ga fitilar titi, ga fitilar tsaro da ke kwana a kunne, sai hasken ya ratsa ta ragar akurki, kaza ta ɗauka gari ya waye tun ƙarfe huɗu. Ta sauko, cikinta babu komai, ƙofa a rufe. Me kake so ta yi? Ka shiga akurkin da dare ka ja ƙofa, duk inda ka ga haske na shigowa ka toshe shi. Amma kada ka toshe iska. Ramukan iska su kasance can sama ƙarƙashin rufi, a kafa katako a gabansu da tazarar yatsu huɗu, iska ta bi ta gefe, haske ya tsaya. In ka buɗe da safe ka ji wari mai yaji a ido, ka rufe da yawa, kuma ciwon numfashi na tafe. Ajiye ruwa a ciki, ka riƙa buɗe musu da ƙarfe bakwai kullum ba fashi, abinci na jiransu. Cikin mako guda za su saba. Kada dai ka wuce haka, domin ƙarancin haske yana rage ƙwai.

Abincin ma a yi shi da lissafi. Kaza mai ƙwai tana cin gram 110 zuwa 120 a rana na haɗin masu ƙwai, mai furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari da isasshen sinadarin kalsiyam. Dusa zalla tana cika ciki ne ba ta biyan bukata, sai ka ga kaza ta ci amma tana bin ka tana kuka. Ruwa kamar rubu'in lita ga kowace, ya ninka lokacin zafi. Mazubin abinci biyu, nesa da juna, yadda shugabarsu ba za ta iya tsare duka biyun ba. Sannan ka bar wata ɗabi'a: duk lokacin da ta yi ihu ka fito da gudu ka watsa mata hatsi don ta yi shiru. Kai da kanka ka koya mata cewa ihu ne ke kawo hatsi. Ka tsayar da lokaci ɗaya da yamma, tafin hannu guda ga kaji uku, ka watsa shi cikin busasshen ganye su yi ta tono. Ka ajiye tsohuwar taya cike da busasshen yashi da ɗan toka a inuwa don birgima. Kazar da ke tono da birgima ba ta da lokacin tsayawa bakin ƙofa tana kira.

Idan kuwa da dare ne suke hargitsewa, to ka tashi tsaye, domin kaza mai lafiya ba ta magana a cikin duhu. Ko wani abu na kewaya akurkin, kyanwa ko ɓera ko maciji, ko ƙuma na cin su. Akwai wata ƙanƙanuwar ƙuma ja da ke ɓuya a tsagar katako da rana, ta fito da dare ta sha jini. Ɗauki farin tsumma da tocila bayan dare ya raba, ka goga ƙasan sandar kwana. In ka ga jan zane a tsumman, ka same ta. Fitar da shimfiɗar duka ka ƙona, ka wanke akurkin, ka fesa maganin da likitan dabbobi ya ba ka har cikin tsagogi, ka maimaita bayan kwana bakwai, domin cikin mako guda ƙwayayenta ke ƙyanƙyashewa su girma. Feshi ɗaya asarar kuɗi ne. Ragar akurki kuma ta zama mai ƙananan ido, kamar santimita ɗaya da ɗan kai.

Kaza ɗaya tilo za ta yi ta kira har ta gaji, don ba a halicce ta ta zauna ita kaɗai ba. A nemo mata biyu, a ware su mako biyu a tabbatar da lafiyarsu, sannan a bar su suna ganin juna ta bayan raga na mako guda kafin a haɗa. Wadda ke yin cara kuwa, fara duba ko zakara ne aka sayar maka da sunan sagara: gashin wuya da na gindin wutsiya masu tsini da sheƙi, zanko babba ja tun yana wata uku ko huɗu. In kuma tabbas mace ce, akan samu shugabar garken da babu zakara ta ɗauki cara, haka ma wadda ma'ajiyar ƙwanta ta samu matsala.

Yanzu maganar maƙwabci, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa: yana da gaskiya. Akwai mai aikin dare da ya kwanta da asuba, akwai mara lafiya, akwai uwa da jariri. Barcinsu haƙƙi ne a kanka, kuma garuruwa da dama suna da doka kan kiwon kaji, wasu sun hana zakara ɗungurungum, ya kamata ka san ta inda kake. Amma biyan haƙƙin maƙwabci da azabtar da dabba ba biya ba ne. Je ka same shi, ka tambaye shi wane ɗaki yake kwana da wane lokaci abin ya fi damunsa, ka roƙi mako biyu. Sai ka matsar da akurkin zuwa kusurwar da ta fi nisa da tagarsa. A fili, duk sanda ka ninka tazara, ƙarfin sauti na raguwa da desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), kuma kunne na jin bambancin. Juya ƙofa da ramukan iska su kalli gidanka. Bangon da ke wajensa ya zama na bulo ko katako mai kauri, babu tsaga, domin nauyi ne ke tare sauti. Akurkin kwano zalla ganga ce, yana ƙara amo yana tara zafi, ka yi masa silin katako ta ciki. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙara fita, wurin ɓuyar ƙuma kawai ka ƙara. In ka yi duk wannan ka ga ita dai halinta ne, don akwai jinsi masu zafin kai irin farar Leghorn da suka fi su Orpington da Brahma surutu, to ka ba da ita ga mai fili. Ka yanka ta yadda ya dace ma ya fi ka bar ta da roba a baki.

Tunda na ambaci ɓera, bari in faɗi wannan ma, don na ga wani a sharhin yana cewa a zuba guba a gefen akurki. Kada ka kuskura. Kaji za su tsince ta, ko su tsattsagi mushen ɓeran da ya ci, kuma kai ne mai cin ƙwan. Abin da ke kawo ɓera shi ne abincin da ke kwana a waje. Kwashe mazubin da magariba, share abin da ya zube, buhun kuma ya shiga durom na ƙarfe mai murfi, don roba ba ta gagarar haƙorinsa. Tarko ka sa a cikin akwati mai ƙaramar ƙofa da kan kaza ba zai kai ba, a jikin bango inda suke bi, ka bar shi kwana biyu da abinci ba tare da ka ɗana shi ba, har su saki jiki.