Sojan ƙasa na ƙarni na 19: shi ya yi yaƙin, wasu suka kwashe sunan

Duk wanda ya karanta tarihin yaƙe-yaƙen Turai na ƙarni na 19 zai haddace sunan Napoleon na Faransa da Wellington, babban kwamandan Birtaniya, amma da wuya ya kawo sunan mutum ɗaya cikin dubban sojojin ƙasa da suka tsaya a sahu a filin yaƙin Waterloo, inda su biyun suka kara, ranar 18 ga Yuni, 1815. A ganina wannan mantuwa zalunci ce, domin idan aka dubi rayuwar kurtun Birtaniya na wancan zamani, za a tarar cewa hukumar da yake yi wa aiki ta fi abokan gaba cutar da shi.

Yawancinsu ba kishin ƙasa ne ya kai su soja ba, yunwa ce da rashin aikin yi. Leburorin gona ne da masaƙan da injina suka raba da sana'arsu, kuma a shekarar 1830 fiye da kashi 40 cikin 100 na rundunar mutanen Ailan ne, inda talauci ya fi tsanani. Sajan mai ɗaukar kurata yakan same su a mashaya, ya danƙa wa matashi sule ɗaya, kuma karɓar wannan sulen tamkar ɗaukar alkawari ne. Kafin dokar 1847 da ta ƙayyade shekara 10 ga sojan ƙasa, galibi mutum yakan shiga ne har sai tsufa ko rauni ya fitar da shi. Albashinsa sule ɗaya ne a rana, amma daga ciki ake cire kuɗin abincinsa da na wanki da na gyaran kaya, sai ya tashi da 'yan kwabbai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun iyali. Idan za a tura bataliya ƙasar waje, mata shida kawai ake yarda su bi kowane soja ɗari, kuma da ƙuri'a ake zaɓensu. Wadda ƙuri'a ba ta faɗa kanta ba, a bakin tashar jirgin ruwa take rabuwa da mijinta, ga 'ya'ya, ba tallafin kirki, kuma mai yiwuwa ba za ta sake jin labarinsa ba, tunda da yawa daga cikinsu ba su iya rubuta wasiƙa ba.

Ladabtarwa kuwa da bulala ake yi, a gaban abokan aikinsa. Sai da wani kurtun sojan doki, Frederick White, ya mutu a barikin Hounslow a 1846 bayan an yi masa bulala 150, sannan aka rage adadin zuwa 50, kuma ba a daina ta a fagen daga ba sai 1881. A daidai wannan lokaci hafsa da kuɗinsa yake sayen muƙami, al'adar da ba a soke ba sai 1871. Wellington kansa, a 1813, ya siffanta sojojinsa da tarkacen mutane, alhali su ne suka ci masa yaƙin Vitoria a ƙasar Sifen a shekarar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wasu za su ce ai haka zamanin yake, rayuwar talaka a wajen bariki ma ba daɗi gare ta ba, kuma soja aƙalla yana da burodi da nama kullum. Da gaskiya a maganar, amma alƙaluma ba su goyi bayanta ba. Binciken da gwamnati ta kafa a 1857 ya nuna cewa sojoji a barikokin Ingila, ana zaman lafiya, suna mutuwa kusan ninki biyu na farar hula sa'o'insu, saboda cunkoso da ƙazanta da tarin fuka. A yaƙin Kirimiya da aka gwabza da Rasha, Birtaniya ta rasa mutum wajen 21,000, kuma kusan kashi uku cikin huɗu kwalara da atini da zazzaɓi ne suka kashe su, ba harsashin Rasha ba. Lokacin da ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari a Turkiyya a watan Nuwamba 1854, ta tarar ko sabulu da barguna ba su wadata ba. A Indiya kuma rahoton 1863 ya ce sojojin Turawa 69 cikin kowane 1,000 suke mutuwa duk shekara. Wannan sakaci ne na mutanen da ke da ikon gyarawa, kuma shaidar hakan ita ce da aka gyara magudanan ruwa da ɗakunan kwana, mace-macen sun ragu ƙwarai.

Ban manta cewa wannan kurtu shi aka tura ya murƙushe al'ummomi a Indiya da Afirka ba, kuma hannunsa ba a wanke yake ba. Amma ba shi ya tsara mamayar ba, ba shi ya ci ribarta ba. Ko lambar yabo ta waɗanda suka yi yaƙin Sifen da Fotugal, wanda ya ƙare a 1814, ba a amince da ita ba sai 1847, kuma waɗanda suke raye suka nema kaɗai aka ba.