Akwatuna Biyu da Suka Kusa Kashe Mini Aure

Yaron shagona ne ya jawo mini. Wata rana kasuwa ta yi sanyi, manoma duk suna fadama babu mai zuwa sayen taki, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce in ga abin da maza ke yi yanzu. Wani ne ya ɗaure wa matarsa ido da gyale, ya kai ta filin jirgi, ya kwance, ta ga tikiti ta fashe da kukan murna. Na ce masa wannan aikin marasa abin yi ne. Da dare kuma barci ya ƙi zuwa, ina ta lissafi: bayan Babbar Sallah aurena da Maman Ummi zai cika shekara goma, shinkafar rani ta yi kyau, masu bashin taki sun biya. To me zai hana?

Ni kuwa iyakar tafiyata a duniya Kaduna ce, ita ma a motar haya. Jirgin sama sai dai in na raka alhazai filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke nan Birnin Kebbi, in tsaya daga nesa in ɗaga masa hannu.

Ingila na fara sa wa rai, har aka lissafa mini abin da masu biza ke nema: takardun asusun banki, shaidar sana'a, da hujjar cewa in ka je za ka dawo. Ni da rabin cinikina a aljihun babbar riga yake kwana. Wani abokina da ke zaune Bayan Kara ne ya ce in nufi Ghana. Ɗan Najeriya ba ya neman biza can, albarkacin ECOWAS, yana iya zama har kwana 90. Ga teku a Accra, ga unguwar Nima inda za ka yi cinikinka da Hausa tsantsa. Abin ya kwanta mini. Ai kakanninmu fatake ta Jega suke bi da jakuna, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa Borgu har Salaga a ƙasar Gwanja su ɗauko goro, babu fasfo babu tikiti. Jikansu da ke da waya a hannu ne zai kasa?

Na tafi shagon wani mai kwamfuta da ke cika wa mutane takardar neman fasfo ta intanet. Ya ce tun 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira dubu 100 ne, mai shafi 64 na shekara goma dubu 200. Na haɗiye yawu na ce a yi mana ƙaramin, guda biyu. Ya cika nawa. Da aka zo kan nata ya ce, "Alhaji, lambar NIN ɗin Hajiya, da ranar haihuwarta."

Na ce lokacin damina aka haife ta.

Ya ce kwamfuta ba ta san damina ba. Kuma suna da ranar haihuwa dole su zo daidai da abin da ke cikin NIN, harafi da harafi. Sannan ya ƙara da abin da ya kamata ya tsayar da ni tun a nan: ko na cika, ko na biya, sai ita da kanta ta je ofishin shige da fice an ɗauki hotonta da zanen yatsunta. Haka katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawar nan da ake tambaya in za ka shiga Ghana: ba a yi wa mutum allura a madadin matarsa, kuma katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma. Na ce masa ya bar wannan a hannuna, ni na san dabarar da zan yi. Wallahi ban da wata dabara.

Takardar NIN ɗinta tana cikin wata tsohuwar jaka a ƙarƙashin gado, tare da katin asibitin yara da littafin adashi. Na jira ta tafi barkar haihuwa, na rarrafa na jawo jakar. Ina durƙushe ina ɗaukar hoton takardar da waya sai na ji numfashi a bayana. Ummi ce, da ƙullin gyaɗa a hannu.

"Baba, mi kaka biɗa cikin jakar Mama?"

Na ce ɓera nake nema. Na ba ta naira ɗari biyu na ce kada ta gaya wa kowa. Duk mai ɗiya 'yar shekara takwas ya san abin da na saya da kuɗin nan.

Sai maganar akwati. Namu na gida na lefenta ne, zif ɗin ya daɗe da mutuwa, kuma Hajiyar da ke sayar da tikiti a Abuja ta ce mini kilo 23 ne kason kowa. Na shiga babbar kasuwa na zaɓi biyu masu taya, ɗaya ruwan hoda saboda ita. Mai shagon ya dube ni ya yi wani murmushi ya ce, "Biyu kaɗai, ango? Ai saiti shida aka yi yanzu." Na yi dariya na biya, na ɗora su a Keke Napep na kai gidan abokina na Bayan Kara na ce ya ɓoye mini. Ya ɓoye su da kyau, a ɗakin matarsa.

Wurin 'yan canji ma haka. Na tambayi kuɗin Ghana, sidi, suka ce sefa da dala da riyal suke da su, in sayi dala in canza can. Ina ƙirga 'yan takardun sai ɗayansu ya ce, "Alhaji, sadakin yanzu da dala aka biya?" Shi ma na yi masa dariya.

Abin da ya ƙarasa ni wayar Hajiya mai tikiti ce. Na sa wa wayata mabuɗin sirri, abin da ban taɓa yi ba, kuma duk ta kira sai in zame in fita bayan gida wajen katanga. Rannan na ɗauki lokaci muna gardama, don ta turo mini jadawalin da ya nuna jirgi zai tashi Legas ƙarfe goma ya sauka Accra ƙarfe goma da 'yan mintuna. Na ce ko Buraƙa ce. Ta ce agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya, tafiyar kuma kusan awa ɗaya ce. Daga nan muka koma kan masauki, ni kuwa na saki murya:

"A'a Hajiya, mu biyu ne kawai. Ɗaki guda. Wanda ke kallon teku, in akwai. Kuma don Allah ki daina kira da dare, uwargida ba ta sani ba tukuna."

Ta ɗaya gefen katangar, matar maƙwabcina tana shanya.

Maman Ummi ba ta tambaye ni komai ba. Abinci ma sai ya ƙara daɗi. Ta koma gaishe ni da "ranka ya daɗe", tana ajiye kwano a gabana kamar mai kai wa alƙali shaida. Wata safiya na tarar ta fitar da buhunan da ke ɗakin ajiya, ta share shi fes, ta wanke har taga. Ta ce, "Baban Ummi, wane fenti kaka so a yi ma ɗakin ga?"

Na ce shuɗi yana da kyau.

Ta ce, "To. Allah ya sa alheri."

Na ce amin, na hau babur na tafi shago ina jin daɗin yadda na iya riƙe sirri.

Ranar Juma'a aka aiko Inna tana nemana a Argungu, in zo da iyalina. Muka tarar da ɗaki cike: Inna a kan darduma da carbi, Baffa a kujera, ga Gwaggon Maman Ummi da ta taso tun daga Kamba. Na gaishe su, aka amsa a daƙile.

Inna ce ta fara. "Kai wanga yaro, aure sunna ne, ba mu hana ka ba. Amma ni da na haife ka, a gidan suna zan ji? Anka ce har lefe ya kai Bayan Kara."

Baffa ya ce shi damuwarsa ɗaya, wa aka naɗa wakilin ango yana raye.

Gwaggo ta ce su ba su da ta cewa, ɗiyarsu mai haƙuri ce, a dai fitar mata da haƙƙinta.

Gumi ya karyo mini. Na ce wallahi babu wata amarya, tafiya ce na shirya mana Ghana, ni da ita, murnar cika shekara goma da aure. Ɗakin ya yi tsit. Can Baffa ya gyara zama ya ce, "Cika shekara goma? Sarauta anka ba ka? Ni shekarata arba'in da wani abu da aure, ko Jega ban taɓa kai ta ba da sunan murna."

Na zaro takardar da Hajiya mai tikiti ta turo, wadda na buga a shagon mai kwamfuta, na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa, sai ya ɗaga murya: "To ga sunan amaryar nan ƙuru-ƙuru, kana rantsuwa!" Sunan Maman Ummi ne na yanka, wanda ke cikin NIN. Sunan kakarta aka sa mata, don haka tun tana goye da laƙabi ake kiranta, Baffa kuwa ko a ranar ɗaurin aure bai riƙe shi ba. Sai da Gwaggo ta karɓi takardar, aka karanta mata, ta tabbatar da cewa ita ce. Baffa bai ji daɗi ba. Ina jin har ya riga ya ba da ɗinkin babbar riga.

Inna tambaya ɗaya ta yi: kuɗin ba su kai na Umara ba? Na ce ba su kai na mutum biyu ba. Ta ce ai ita mutum ɗaya ce.

Duk wannan Maman Ummi ba ta ce uffan ba, kanta a sunkuye, kafaɗunta na rawa. Na zaci kukan murnar nan ne na cikin waya ya iso. Dariya take yi. Da ta lafa ta share ido ta ce, "Wai ƙasar waje zaka kai ni? Baban Ummi, ni ɗiyar Kamba ce fa. Tun ina 'yar yarinya nike bin Gwaggo Gaya, mu hau gada mu ƙetare kasuwar Malanville mu dawo kafin magariba. Nijar da Benin ke nan, rana guda. Kai ne za a kai ƙasar waje."

Daga ranar shirin ya koma hannunta, kuma sai ya fara tafiya. Ita ta tsayar da ranar zuwa ɗaukar hoto, ta ƙi ƙunsa lalle don an ce yana hana na'ura kama zanen yatsa. Ita ta riƙe mini hannu ranar allurar shawara. Ita ta gano cewa ba a shiga jirgi da kwalbar ruwa ko turare da ta wuce mililita 100 a jakar hannu, ta juye humrarta a ƙananan kwalabe. Akwatin ruwan hoda ta ce bai yi mata ba, ta bar mini shi.

A daren da muka karɓo fasfo, bayan yara sun yi barci, ta miƙo mini wata takarda da aka yago daga littafin makarantar Ummi. Atamfa turmi huɗu, leshi biyu, shadda, takalmi da jaka, sarƙa da 'yan kunne, sabuwar katifa. Na ce tsarabar Ghana ce tun ba a je ba? Ta ce a'a, kayan faɗar kishiya ne, ita da Gwaggo suka rubuta tun ranar da labarin akwatuna ya iso.

Na ce ai babu kishiyar.

Ta ce, "Awo. Amma baƙin cikin na riga na sha shi, ɗakin kuma na share."

Na kai ƙara wurin Inna, ta ce yarinyar ta fi ni gaskiya. Zuwa yanzu na biya atamfa biyu da takalmi, katifar kuma mun yi da ita sai an girbe shinkafar damina. Ɗakin ajiya an yi masa fentin shuɗi, ta sa keken ɗinki a ciki.