Ƙannena Masu Zane, Ina Kuke Saurin Zuwa?

Makon jiya wani yaro ya nuna mini hoton wani dattijo da aka ba shi ya zana. Da hantsi ya karɓi kuɗin, kafin la'asar wai ya gama. Da na tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce waya ce ta fitar masa da layukan, shi dai ya bi da fenti. Ido ɗaya ya fi ɗaya girma, rawanin ba inuwa ko kaɗan, amma tuni ya ɗora a Facebook, ya maƙala wa kansa sunan gwani, abokai suna ta zuba yabo. Wallahi raina ya ɓaci.

Ƙannena, gaggawar nan ita ke cin ku. Ku zauna in ba ku labarin wani mai zane ɗan ƙasar Sifaniya, Antonio López García, wanda aka haifa a garin Tomelloso a 1936. A hannun ɗan'uwan mahaifinsa, Antonio López Torres, ya fara koyo. Yana ɗan shekara 13 ya tafi Madrid, ya shiga makarantar zane ta San Fernando, bai fito ba sai 1955. A zamanin da tsararrakinsa da yawa suka koma zanen launuka marasa siffa, shi ya tsaya kan zana abu yadda ido ke ganinsa: titi, ɗaki, bishiya, har wurin wanke hannu. Maganar zanen mai rai hurumin malamai ce, ni kan haƙurin mutumin nake magana.

Akwai wani babban titi a Madrid da ake kira Gran Vía. Daga 1974 zuwa 1981 mutumin nan yana zana shi, hoto ɗaya tak. Lokacin zafi yake fitowa da asuba, ya kafa allonsa a tsakiyar hanya, ya yi aiki na ɗan lokacin da hasken yake yadda yake so. Rana na ɗagawa sai ya naɗe kayansa, sai gobe. Zafi ya wuce, sai baɗi. Kai kuwa an ba ka allon shago ka rubuta, ko jira farin fenti ya bushe ba ka iya yi, ka danna ja a kai, komai ya dame. Sauri ya haifi nawa! Mai shagon ya dawo da aikin, ka sake sayen fenti da kuɗinka, ka kuma rasa shi har abada.

Shi fa ko sarauta ba ta sa shi gaggawa ba. Hoton iyalan Juan Carlos, Sarkin Sifaniya na lokacin, da aka ba shi, shekara 20 ya ɗauka, sai a 2014 jama'a suka gan shi. A 1990 kuma ya tasa wata 'yar bishiya da ke tsakar gidansa a gaba yana zanawa, ya kafa ƙusoshi a ƙasa don ƙafarsa ta riƙa tsayawa wuri guda kullum, yana ɗiga farin fenti a kan ganye da 'ya'yan don ya lura da yadda nauyi ke saukar da reshe. Ruwan sama ya hana shi ƙarasawa, 'ya'yan suka nuna suka zube. Ya haƙura ya ajiye, bai ƙarasa da ƙarya ba. Ku da kun ciko sauran daga intanet kun ce an gama.

Na san za ku ce shi yana da abin da zai ci, ku kuwa sai kun fita. Gaskiya ne, ban ce ku shekara bakwai kan allon mai shayi ba. Amma talauci ne ya hana ka kallon fuskar mutum minti goma kafin ka ɗauki fensir? Lokacin da ka ce ba ka da shi, a TikTok da cacar ƙwallo yake ƙarewa, kana lissafin wa ya so hotonka. Sannu ba ta hana zuwa. Da rarrafe yaro kan tashi. Shi wannan bawan Allah yana dab da shekara 50 aka ba shi babbar lambar yabon Sifaniya ta Yariman Asturias a 1985, kuma ko a 2021, yana da shekara 85, an gan shi tsaye a dandalin Puerta del Sol na Madrid cikin zafi yana auna gine-gine da ido.

Ku rage gudu, ku nemi na gaba da ku, ku zauna. A da yaro yakan shekara yana wanke wa maigidansa buroshi da dama fenti kafin a bar shi ya ja layi ɗaya, kuma ba ya jin an wulaƙanta shi. Masu yi wa gidajen ƙasa ado a Zariya da Kano haka suka taso, shi ya sa har yau ake tsayawa kallon aikinsu. Yanzu wata uku yaro zai yi a shago ya ce maigida na tauye shi, ya buɗe nasa, ya ɗauki yara biyu wai yana koya musu. Me zai koya musu, fisabilillahi?