Kawu ya ga coci, ni kuwa zauren kakanmu na gani

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na sauka a Kolon ta ƙasar Jamus don in canza jirgin ƙasa, ga awa biyu a hannuna. Duk wanda ya taɓa sauka a babbar tashar garin ya sani, kana fitowa ƙofa babban cocin nan ne tsaye a kanka, baƙi ƙirin kamar tukunyar da ta shekara a kan murhu. Na shiga, na zaga, na ɗauki hoto, na tura wa dangi ta WhatsApp. Kafin in zauna a jirgi saƙon murya ya shigo daga Argungu. Kawu ne. "Kai ɗana, mi ya kai ka coci? Abin da munka tura ka yi ke nan?" Maganar ba ta kai minti ɗaya ba, amma har na isa gida tana ci mini rai.

"Allah ya huci zuciyarka, Kawu," shi ne kawai abin da na mayar. Ba a ja-in-ja da ƙanen uwa a gaban yara. Sauran amsar ce nake rubutawa a nan, tunda na san ba zai gani ba.

An aza harsashin ginin nan a 1248. Aka yi ta aiki sama da shekara 200, kuɗi da himma suka ƙare, aka tsaya. Abin ɗaga duwatsu na katako da magina suka bari a kan hasumiyar da ba a ƙarasa ba ya zauna nan ƙarni bayan ƙarni, har ya zama alamar garin, sai a 1868 aka sauke shi. An koma aiki a 1842, aka gama a 1880. Shekara 632 ke nan. Zanen gaban ginin da magina na dā suka yi a kan fata ya taɓa ɓacewa, aka tsinci rabi a Jamus a 1814, rabi a Paris a 1816, aka haɗa, aka bi shi. Wato jikan jikan jika ya ɗauki aikin wanda bai taɓa gani ba, ya ƙarasa masa yadda ya so.

Hasumiyoyin biyu mita 157 ne. Matakala 533 ake takawa a kai inda ake hango gari da kogi, kuma na taka, ko da yake tun a ta ɗari biyu na fara nadama. A hanya za ka wuce wata ƙararrawa mai nauyin tan 24. Amma ciki ne ya tsayar da ni. Rufin ya haura mita 43 daga ƙasa. Ginshiƙai suna miƙewa siri-siri, can sama su baje kamar ganyen giginya, su sarƙe da juna. Na daɗe ina tambayar kaina me ke riƙe da wannan nauyi, tunda bangon kusan duk gilashi ne. Ashe dabarar tana waje: an yi wasu tokare na dutse da ke karɓar nauyin rufin su sauke shi gefe, bango ya huta, aka samu damar huda shi da tagogi. Akwai taga guda da aka sa a 2007, ƙananan gilasai masu launi 11,263, babu hoton kowa a jiki. Rana na bugunta sai launukan su zube a ƙasa kamar an baza atamfa.

Kawu, ban durƙusa ba, ban kunna kyandir ba. Wani mai tsaron wurin cikin jar riga ya roƙe ni in cire hula, na cire, kamar yadda mu ma muke sa baƙo ya tuɓe takalmi a ƙofar masallaci. A cikin wannan cocin ne ma, a Fabrairun 1965, Turkawa ma'aikata da ba su da wurin taruwa suka shimfiɗa dardumansu suka yi sallar Idin ƙaramar salla. Babban masallacin Kolon na yau kuwa, wanda ya zana shi, Paul Böhm, ɗan gidan masu zana coci ne, uba da kaka. Na san wannan ba fatawa ba ce, ni ma ba malami ba ne. Kallon gini na je.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba tsawon ba ne. A jikin cocin akwai ma'aikata na dindindin kusan ɗari: masu sassaƙa dutse, maƙera, masu gyaran gilashi. Ruwa da hayaƙi suna cin dutsen, su kuma suna ciro wanda ya lalace su sassaƙa irinsa su mayar. Ba ranar da za ka zo ba ka ga wani sashe ana gyara ba, har mutanen garin na cewa ranar da aka gama aikin nan duniya za ta tashi. Wata ƙungiya ta 'yan gari tana tara kuɗin gyaran tun 1842. A yaƙin duniya na biyu bama-bamai sun faɗa masa, garin ya zama kufai, suka share suka ci gaba.

Mu fa? Kowa ya iya kirarin Kanta, Sarkin Kabi, amma mutum nawa suka taka tsohon birninsa Surame suka ga ganuwar dutsen da ya gina tun ƙarni na 16? Tun 1964 aka sa wurin cikin kayan tarihi na ƙasa. Ni Bakabe, haifaffen Argungu, ban taɓa zuwa ba, ga ni na hau matakalar wasu 533.

Na yarda, Jamusawa na da kuɗi, mu muna fama da na hatsi. Na yarda ƙasa ba dutse ba ce, damina ɗaya ta isa ta zaizaye bango. Kuma gaskiya ne masu ɗaukar hoto sun fi masu ibada yawa a cocin nan, alhali masallatanmu ba masaka tsinke ranar Juma'a. Amma babban masallacin Jenne a Mali ai na laka ne, kuma yana nan tsaye saboda duk shekara gari ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi. Mu dai ba mu ɗauki gyara a bakin aiki ba. Mai kuɗi a wurinmu shi ne wanda ya rushe ya sa bulo da kwano. Wanda ya kira magini ya yi yaɓe, cewa ake bai samu ba.

Ina ɗaga kai a cikin cocin nan, zauren kakanmu na wajen uwa ya faɗo mini. Daurin guga ne, bakan gizo huɗu sun haɗu a tsakiya, azara jere reras, ga zanko a kusurwoyin soron. Ko a tsakiyar bazara, kana shiga sai sanyi ya ratsa ka. Bayan kowace damina tsohon maginin unguwa kan zo ya bi tsaga, ya gyara indararo, a shafe bango da makuba, warinta ya yi kwanaki a gidan. Mu yara mu ke ɗauko ruwa. A nan na yi karatun allo, a nan aka ɗaura auren uwata.

Shekara huɗu da suka wuce zauren ya tsage. Maginin ya rasu, 'ya'yansa suna kabu-kabu. Kawun nan dai shi ya kira ni, ya ce ko a nemo wani magini daga ƙauye, ko a rushe. Ni na ce a rushe a yi na zamani, ni na tura kuɗin, har ina jin daɗi ana cewa ɗan Jamus ya yi abin kai. Yanzu shaguna biyu ne a wurin, ɗaya ana cajin waya, ɗaya a kulle.

Daren jiya na tambayi dangi ko akwai mai hoton zauren. Shiru har safe. Ɗazu wata 'yar Kawu ta turo hoton bikinta, mata sun cika shi maƙil, can bayan kafaɗar wata ana ganin gefen ƙofar da ɗan guntun bango.