Tiyatar rage ƙiba: me aka faɗa wa majinyaci kafin ya sa hannu?

Tallace-tallacen nan da suka cika TikTok da Instagram ne suka hana ni yin shiru. Kowa ya gan su. Hoto biyu gefe da gefe, ɗaya kafin aiki, ɗaya bayansa, a ƙasa kuma an jera tikitin jirgi da ɗakin otal da motar da za ta ɗauko ka, sai tiyatar rage tumbi a ƙarshen jerin, kamar wani yawon buɗe ido. Turkiyya ta yi suna a wannan kasuwa, ko da yake ba ita kaɗai ba ce, kuma hukumomin Birtaniya sun sha gargaɗin 'yan ƙasarsu bayan wasu sun tafi aikin sun rasa ransu.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Tiyatar nan magani ce ta gaske, kuma ina cikin masu kare ta. Binciken da aka fara a Suwidin a 1987, wanda ya bi diddigin mutane sama da 4,000 masu matsananciyar ƙiba, ya nuna a 2007 cewa mutuwa ta ragu da kimanin kashi 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa aikin. Masu ciwon suga da yawa kan rage magani ko su daina na tsawon shekaru. A hannun ƙwararru, haɗarin mutuwa a lokacin aikin bai fi kamar mutum ɗaya cikin 1,000 ba. Shi ya sa a 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta ƙa'idar da ake bi tun 1991: wanda ya kai 35 a ma'aunin BMI, wato ma'aunin da ke kwatanta nauyin mutum da tsayinsa, ya cancanta ko da ba shi da wata cuta, mai 30 kuma ana iya duba lamarinsa idan ciwon suga ya haɗu da ƙibar. Masu cewa "ai rage ci kawai za su yi" ba su cancanci dogon martani ba. Da abin ya tsaya nan, da ba a kai mutum sama da biliyan ɗaya masu ƙiba a duniya ba.

Damuwata ita ce abin da ake ɓoyewa, ko ake karantawa da sauri ana kallon agogo.

Ayyuka biyu aka fi yi a yau. A na farko ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a cire shi, a bar wani siriri kamar hannun riga. Abin da aka cire ya tafi ke nan har abada. A na biyu ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbin, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake wani sashe na hanyarsa. Kowanne da nasa halin. Na farkon yakan tayar da ƙwannafi ko ya tsananta shi, har wasu su koma a sake musu aiki. Na biyun ya fi taimakon mai ƙwannafi da mai ciwon suga, amma ya fi jawo ƙarancin sinadarai a jiki, kuma idan mutum ya ci abu mai zaƙi sosai zai iya jin jiri da gumi da bugun zuciya. To mai fama da ƙwannafi tun shekara goma da aka yi masa na farkon don kawai shi ne a cikin farashin da aka tallata, wa zai ce ya zaɓa? An zaɓar masa.

Sai kuma rayuwar bayan aiki, wadda babu hoton da ke nuna ta. Shan bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da na ƙashi har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini lokaci-lokaci. Amai da ya ƙi tsayawa kan iya ƙarar da bitamin B1, kuma idan aka yi sakaci ƙwaƙwalwa na iya samun illar da ba ta gyaruwa. Gashi kan zube a watannin farko. Saurin ramewa kan haifar da tsakuwa a matsarmama. Fata kan saki ta yi yawa, kuma cire ta wata tiyatar ce daban da kuɗinta daban. Ana shawartar mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, alhali haihuwa kan sauƙaƙa mata daidai wannan lokacin. Akwai kuma abin da ake jin nauyin faɗa: barasa ta fi saurin kama jiki bayan aikin haɗa hanji, kuma bincike ya nuna ƙaruwar matsalar shaye-shaye da cutar da kai a tsakanin wasu majinyata. Wanda ya saba huce baƙin cikinsa da abinci, aka wayi gari an toshe masa wannan hanyar, yana buƙatar wanda zai saurare shi tun kafin a kai shi ɗakin fiɗa. Wasu kuma wani ɓangare na nauyin kan dawo musu bayan shekaru, su ɗauka laifinsu ne, su ji kunyar komawa asibiti.

Duk wannan ba bayanin da za a gama cikin minti ashirin ba ne, a daren jajiberin aiki, mutum ya riga ya biya kuɗi, ya baro gida, yana sanye da rigar asibiti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kai wannan matakin ba zai ce ya fasa ba, kuma masu miƙo masa takardar sun sani sarai. Ni ban kiran wannan yarda. Karɓar sa hannu ne don kare kai idan abu ya ɓaci. Tun a 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Montgomery, ta yanke cewa wajibi ne likita ya bayyana duk haɗarin da majinyaci mai hankali zai ɗauka da muhimmanci, tare da sauran hanyoyin da zai iya bi. Wannan ma'auni ya kamata ya zama na ko'ina.

Masu cewa alluran zamani na rage ƙiba irin su Wegovy da Mounjaro sun gama da tiyata su ma talla suke yi: na farkon ya rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi a gwaji, tiyata kan kai 25 zuwa 30, kuma waɗanda suka daina allurar sun maido da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Amma haƙƙin majinyaci ne ya ji labarin allurar daga bakin likitan fiɗa, ko da hakan zai sa ya fasa aikin.

Me za a yi? A sa tazarar makonni tsakanin bayani da sa hannu. Majinyaci ya zauna da masanin abinci da likitan ƙwaƙwalwa, ya kuma gana da wanda aka yi wa aikin shekara biyar da suka wuce, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hukumomi su hana tallan tiyata da rangwame mai wa'adi. Kuma duk asibitin da ya kasa rubuta sunan wanda zai duba majinyaci idan ɗinkin tumbinsa ya fara yoyo kwana biyar bayan ya sauka daga jirgi, a hana shi taɓa wuƙa.